Ƙawancen iyaye mata a Ingila: me ya sa yake saurin ƙulluwa, yake kuma saurin warwarewa?

Tambayar ta zo ne daga wata 'yar'uwa da ke zaune a wani gari a arewacin Ingila. Mijinta ta biyo, yana karatun digiri na uku. Yaransu biyu, babban ya shiga firamare, ƙaramar shekararta biyu, ga kuma ciki wata shida. Da suka sauka, wata Bahaushiya da ta riga ta zuwa ce ta ja ta a jiki, ta nuna mata mahautan halal da asibiti da inda ake samun kayan sanyi da araha. Ba a rufa shekara ba suka ɓata, a kan riƙon yara da kuma wata magana da ta faɗa mata a asirce sai ga ta a bakin wasu. Yanzu maigidan ya ce ta kama kanta, ta fita harkar matan Najeriya. Tana tambaya: matan da ke zaman waje ba su san amana ba ne? Kuma wa zai tsaya mata ranar haihuwa?

'Yar'uwa, Allah ya raba lafiya. Aikina shi ne tallafa wa iyalai masu ƙananan yara a cibiyoyin unguwa a nan Ingila, kuma yawancin matan da nake zama da su baƙi ne. Labarin nan naki na ji shi daga 'yar Somaliya ta bakin tafinta, na ji shi daga 'yar Pakistan, daga 'yar Romaniya, daga 'yar Sudan. Don haka ki cire Hausawa daga zargi. Matan waje ba su fi na gida ƙarancin amana ba. Kayan da ake ɗora wa ƙawance a nan ne suka fi ƙarfinsa.

Ki tuna yadda buƙatunki suke rarrabe a gida. Asirin aurenki yana wurin mahaifiyarki ko yayarki. Maƙwabciya ce ta aron gishiri da "duba min yaron nan in leƙa kasuwa". Raino akwai ƙanwar miji ko 'yar riƙo. Hira da dariya na ƙawar makaranta ne, kuɗi na uwar adashi, jego na gwaggo ko inna. Kowacce ɗan ɓangare take ɗauka, kuma idan kika saɓa da ɗaya sauran suna nan daram. Da kika sauka Ingila duk waɗannan matan sun ɓace a rana ɗaya, sai mace ta farko da ta yi miki murmushi da Hausa ta gaje su baki ɗaya. Kamar a sauke kayan ayari ne a labta wa jaki ɗaya. Ita kuma wannan baiwar Allah tana da nata yaran, da nata kuɗin haya, wataƙila ma daga aikin dare ta dawo. Ranar da ta kasa ɗaukar wayarki, zafin da kika ji ya wuce na ƙawa ta ƙi amsa waya, domin a ranki uwa da yaya da maƙwabciya ne suka juya miki baya lokaci guda. Shi ya sa faɗan matan waje yake zafi fiye da abin da ya jawo shi.

Kika ce a kan riƙon yara aka fara. Ban yi mamaki ba, kusan kullum daga nan ake farawa, kuma dalilin yana cikin tsarin bizar da ta kawo ku. A shekarar 2022 Birtaniya ta ba iyalan ɗaliban Najeriya biza fiye da 60,000, adadin da ya zarce na ɗaliban kansu, ya kuma fi na kowace ƙasa. Ɗalibi ba ya wuce awa 20 na aiki a mako lokacin karatu, amma matarsa tana iya yin cikakken aiki. Sai ya zamana a gidaje da yawa matar ce ke ciyar da gida, galibi da aikin kula da tsofaffi, mai dare da asuba da ƙarshen mako. Bizar kuma ta hana su yawancin tallafin gwamnati, kuɗin makarantar raino kuwa yana iya cinye albashin gaba ɗaya. To ina za a kai yara? Gidan ƙawa. Nan take lokacinki ya zama abu mafi tsada da wata za ta roƙe ki.

A gida mun iya lissafin biki. Mace ta san abin da kowa ta kawo mata ranar suna, wata ma a littafi take rubutawa, kuma idan nata ya zo za ta rama har ta ɗora. Babu mai jin kunyar wannan lissafi. Amma awannin raino ba wanda ke rubuta su, kunya ta hana. Ɗaya tana ganin ta riƙe yara sau goma an riƙe mata sau biyu, ɗayar tana ganin ai ita ce ta ɗauko ta daga filin jirgi ta ciyar da ita mako guda. Kowacce tana bin bashi a zuci, ba wadda ta furta, har ranar da zai fito da wata fuska. Maganinsa a faɗe shi tun ana dariya: "Ni zan ɗauko yaran Talata, ke Alhamis, idan ɗaya ta kasa ta faɗa tun dare." Da farko zai yi miki nauyi a baki, za ki ji kamar kin zama Baturiya. Amma ƙawancen da na ga ya daɗe a nan, kusan duk irin wannan ne. Ki kuma koyi cewa "yau ba zan iya ba" ba tare da ƙirƙiro ciwon kai ba, domin ƙaryar uzuri idan ta tonu ta fi ƙin yin ciwo.

Akwai doka a cikin wannan harka da mata da yawa ba su sani ba sai sun faɗa ciki. A Ingila, duk wadda za ta riƙe yaro ɗan ƙasa da shekara takwas a gidanta fiye da awa biyu a rana don a biya ta, dole ta yi rajista da Ofsted, hukumar da ke sa ido kan makarantu da wuraren raino, ko da wata cibiyar masu raino da hukumar ta amince da ita. A 2009 an yi ce-ce-ku-ce kan wasu 'yan sanda mata biyu, ƙawaye, da suke riƙe wa juna yara don su samu zuwa aiki, hukumar ta ce musu sun saɓa doka. Bayan surutun jama'a aka gyara, yanzu musayar raino tsakanin ƙawaye halal ce matuƙar kuɗi bai shiga ba. Da zarar an fara "ga fam ashirin ki sayi madara" duk mako, magana ta canza. Na biyu ya fi shafar mu, masu al'adar riƙo. Idan yaro ɗan ƙasa da shekara 16 zai zauna kwana 28 ko fiye a hannun wanda ba kakansa ba, ba yayansa ba, ba kawu ko baffa ko gwaggo ko inna ta jini ko ta aure ba, ba mijin uwarsa ko matar ubansa ba, sai an sanar da ƙaramar hukuma. Ƙawa, komai kusancinku, ba ta cikin wannan jeri. An ƙara tsaurara abin ne bayan mutuwar Victoria Climbié, yarinya 'yar shekara takwas daga Kodebuwa da aka azabtar har ta rasu a Landan a shekarar 2000 a hannun 'yar'uwar kakanta. Saboda haka idan rasuwa ta kira wata gida ta ce ki riƙe mata ɗa na wata biyu, ki karɓa in kina iyawa, amma ku sanar.

Sai maganar asiri, wadda na san ita ta fi ci miki rai. Hausawan gari ɗaya a Ingila ba su da yawa. Wataƙila gida ashirin ne ko talatin, mazan suna haɗuwa a masallaci ɗaya da jami'a ɗaya, matan suna zaure ɗaya na WhatsApp, kuma kowacce tana da 'yar'uwa a Kano ko Kaduna da ta san surukar wata. Magana ba ta buƙatar mugun nufi kafin ta yi tafiya a irin wannan wuri. Sau da yawa ma ƙawar mijinta kawai ta faɗa wa da dare, shi kuma ya ɗan taɓa wa abokinsa da sunan neman shawara, shi ke nan. Ba ina wanke ta ba ne. Ina nuna miki cewa abu uku ba a ajiye su a cikin wannan da'ira, ko da wurin wadda kika fi so: matsayin takardunku, abin da ke tsakaninki da mijinki, da yawan abin da ke shigo muku. Ƙari a kan haka, zaman ba na daidai-wa-daida ba ne ko da ana cin tuwo a faranti ɗaya ranar Sallah. Matar likitan da ya samu takardar zama ta dindindin da matar ɗalibin da ke lissafin kuɗin zango na gaba ba damuwa ɗaya ke hana su barci ba, kuma wannan bambanci yana shiga hira ko ba a gayyace shi ba.

Abin da na lura da shi, wanda zai iya ba ki mamaki, shi ne mata da yawa a nan aminiyar da suke buɗe wa ciki ba 'yar ƙasarsu ba ce. Bahaushiya ta samu 'yar Malesiya ko 'yar Aljeriya a masallaci, ko wata Baturiya da 'ya'yansu ke aji ɗaya. Dalilin a fili yake: bakinta ba ya kaiwa garinku. Za ta ji kukanki ta ba ki shawara, kuma babu ranar da za ki je biki a gida ki ga ana kallonki. 'Yan'uwanki Hausawa kuma su ne na abin da wata ba za ta iya ba ki ba: wadda za ta san me kike nufi da kwaɗayin ɗanwake, wadda za ta zo barka ba sai an gayyace ta ba, wadda yaranki za su ji Hausa a bakinta, wadda idan aka yi miki rasuwa za ta zo ta zauna ta yi shiru tare da ke. Kina buƙatar duka biyun, kowacce a muhallinta.

A nan ne na saɓa da maigida, tare da girmamawa. Na fahimci abin da yake gudu, babu namijin da ke son ya ji zancen gidansa a bakin abokai. Amma janye jiki gaba ɗaya ga mace mai ciki wata shida, da yara biyu, a ƙasar da a watan Disamba rana ke faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, ya fi gulma haɗari. Hukumar lafiya ta NHS ta ce fiye da mace ɗaya cikin goma na kamuwa da ciwon damuwa cikin shekarar farko bayan haihuwa, kuma rashin mai taimako yana cikin manyan abubuwan da ke jawo shi. Shi zai fita tun safe, ya ga mutane, ya yi hira a ɗakin bincike. Ke kuma sai ki wuni ba ki yi magana da wanda ya haura shekara shida ba. Ki zaunar da shi ki nuna masa haka, ki ce masa kin ɗauki darasin riƙe baki, amma ba za ki iya jego ke kaɗai ba. Yawancin maza idan aka kawo musu maganar ta fuskar lafiya suna saukowa. Wanda kuma ya kai ga ƙwace waya da hana fita da raba mace da kowa, wannan wani babi ne daban, kuma tun 2015 dokar Ingila ta sa shi cikin laifuka.

To ta ina ake samun sababbin ƙawaye? Ba a wurin taron Sallah da ake yi sau biyu a shekara ba. Wani malami a Jami'ar Kansas ta Amurka, Jeffrey Hall, ya yi bincike a 2018 kan mutanen da suka koma sabon gari da sababbin ɗalibai, ya gano ana buƙatar kusan awa 50 tare kafin sanayya ta zama ƙawance na sama-sama, kusan 90 kafin ta zama ƙawance sosai, fiye da 200 kafin aminci. Mu dai mun riga mun ce zumunta a ƙafa take. Abin nema shi ne wurin da za ki riƙa ganin fuskoki iri ɗaya a kai a kai ba tare da kin shirya komai ba, kuma kina da shi a hannu: ƙofar makarantar ɗanki. Kwana 190 ake zuwa makaranta a shekara, safe da yamma. Ki daina zuwa a kan ƙa'ida kina ja da baya da waya a hannu. Ki riga lokaci da minti goma, ki tsaya wuri ɗaya kullum, ki gaisa da mace ɗaya. Laburaren unguwa yana da zaman waƙoƙin yara kyauta, cibiyar yara tana da zaman wasa na iyaye da 'ya'yansu, masallatai da yawa suna da karatun mata da Islamiyyar Asabar inda iyaye ke jira a waje. Ki zaɓi biyu ki lizimce su, rana ɗaya, lokaci ɗaya. Mako uku na farko ba wadda za ta kula ki sosai. Ki ci gaba da zuwa.

Turawan nan suna da nasu salon da yake rikita baƙo. Mace za ta yi miki fara'a ta yi hirar ruwan sama minti biyar, gobe ta wuce da ɗaga hannu kawai. Ba wulaƙanci ba ne. Idan ta ce "sai mun sha shayi wata rana" ba alkawari ta yi ba, sai an sa rana da lokaci ya zama magana, kuma ke ma kina iya sa ranar. Ba a faɗo musu gida babu sanarwa. Idan aka aiko wa ɗanki katin bikin ranar haihuwa, ko ba za ku je ba saboda fahimtarku ta addini, ki amsa da godiya, domin shirun ne yake ɓata musu rai. Abinci yana buɗe ƙofa a nan kamar ko'ina, farantin Sallah ga maƙwabta ya sha ƙulla zumuncin shekaru, sai dai ki faɗi abin da ke ciki. Yara da yawa a ƙasar nan gyaɗa tana iya kai su asibiti, makarantu da dama sun hana shigo da ita, mu kuwa tana cikin yajinmu da miyar taushe da ƙuli-ƙuli. Wani abu kuma da mu Hausawa muke jin nauyinsa: ki roƙi ƙaramar alfarma. "Don Allah duba min keken jaririyar in shiga ofis." Wadda ta taimake ki sau ɗaya ta fi saurin sakin jiki da ke fiye da wadda ke kika yi ta yi wa hidima.

Yanzu haihuwa, tunda saura wata uku. Aiki uku ne, ki raba su ga mutum uku. Wadda za ta karɓi yaran idan naƙuda ta tashi da tsakar dare: wannan kusanci ake dubawa, maƙwabciyar da ke tafiyar minti biyar ta fi aminiyar da ke wani gari, kuma yaran su saba da gidanta tun yanzu. Sai masu kawo abinci mako biyu na farko, kuma a nan ne matan Hausawa ba su da na biyu, ko waɗanda ba ku shaƙu ba za su yi idan aka tsara musu rana-rana a zauren WhatsApp. Sai wadda za ki kira ki yi kuka, wataƙila yayarki ce a gida ta waya. Asibitocin nan ba sa riƙe mai jego, idan komai lafiya kwana ɗaya ne ko ƙasa da haka. Ungozoma za ta biyo ki gida, sannan tsakanin kwana 10 zuwa 14 ma'aikaciyar lafiyar iyali za ta zo duba ki da jaririn. Akwai ƙungiyar Home-Start, wadda aka kafa a Leicester a 1973, tana turo 'yar sa-kai gida duk mako ga iyalai masu yara 'yan ƙasa da shekara biyar, kyauta. Ƙaramar taki kuma, daga zangon da ya biyo bayan cikarta uku tana da awa 15 na makarantar raino kyauta a mako, ko wace irin biza kuke da ita, wasu iyalai masu ƙaramin ƙarfi ma tun daga shekara biyu, sai ki tambayi ƙaramar hukumarku. Idan Hajiya za ta zo wankan jego a nemi bizar ziyara da wuri, amma kada a jingina komai a kanta, ana hanawa. Idan kuma ta zo da ƙullin kanwa a sassauta, tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka danganta yawan kunun kanwa da gasa jiki da ciwon zuciyar masu jego.

Na san tsoron da ke yawo a tsakaninmu, wai idan kika ce wa ma'aikaciyar lafiya kina cikin damuwa za a ƙwace miki yara. Gaskiyar ita ce, wajibi ne a kansu su kai rahoto idan suka ga yaro cikin haɗari, wannan ba zan ɓoye miki ba. Amma uwa ta ce ta gaji, ba ta barci, ba ta da kowa, wannan neman taimako ne kuma haka suke ɗaukarsa. Raba yaro da iyayensa sai da umarnin kotu, in ban da 'yan sanda da ke iya tsare shi na awa 72 a halin gaggawa. Matan da na ga sun shiga matsala yawanci waɗanda suka ɓoye ne har abu ya yi nisa.

Tsohuwar ƙawarki fa? Ta yi miki alheri lokacin da ba ki san hagu da dama ba, kuma wannan bai goge ba. Addini ma bai yarda a ƙaurace wa juna fiye da kwana uku ba. Ki mayar da gaisuwa, ki aika mata idan kin sauka, ki karɓi barkarta. Ba dole ba ne ku koma yadda kuke, kuma ba na ba ki shawarar ku koma. A garin da kuke gida talatin, za ku haɗu a kowane suna da kowace ta'aziyya, gaba kuwa tana tilasta wa sauran mata zaɓen ɓangare, abin da zai rage miki mutane a lokacin da kike neman ƙari.

Wani abu da za ki gani nan gaba, gara ki san shi tun yanzu. Zaman nan na masu wucewa ne. Bizar bayan kammala karatu shekara uku ce ga mai digiri na uku, daga nan wasu su samu aiki a wani gari, wasu Kanada, wasu Saudiyya, wasu gida. Tun Janairun 2024 kuma aka hana yawancin masu digiri na biyu zuwa da iyali, a watan Maris aka hana masu bizar kula da tsofaffi, don haka sababbin matan da ke shigowa sun ragu ƙwarai. Idan kika ga matan da suka shekara goma sha biyar a nan suna ɗan ja baya da sababbin zuwa, kada ki yi saurin cewa girman kai ne. Da yawansu sun gaji da rakiya filin jirgi. Su ne kuma suka san wace makaranta ce mai kyau da wane likita ne ke saurare, don haka ki bi su a hankali, da gaisuwa da ziyara, ba da buƙata a ranar farko ba.

Awonki na mako 28 ya kusa. Idan ungozoma ta tambaye ki ko kina da masu taimaka miki a gida, kada ki ce "lafiya lau" irin tamu. Ki faɗa mata mijinki ne kawai, ki ce a haɗa ki da Home-Start da cibiyar yara ta unguwarku, kuma ki nemi ta rubuta a katinki.